Dogon Gilashin Yaya Tsaya-Tukuna

Idan ana maganar kaifin ido, kowa ya ja baya ya ba wa tsohon mai duba mita wuri. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin ruwa yana leƙa ramukan mita, yana karanta lambobin da laka ta rufe, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaukar bakwai a matsayin ɗaya ba. Shi da bakinsa yake faɗin haka, kuma ai babu wanda ya fi shi sanin kansa. Da ya yi ritaya sai ya duba ya ga zunubi ne a bar irin wannan ido yana zaman kashe wando a gida, saboda haka ya sadaukar da shi ga ɗaukar hoto. Ya raɗa wa kansa suna Idon Mikiya, har ya sa tela ya ɗinka masa sunan a jikin jakarsa. Sai dai mutane ba su iya riƙon suna mai kyau ba. A dangi da unguwa, yara da manya, Tsaya-Tukuna suke kiransa, domin abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da aka jeru aka gama washe haƙora.

Wata 'yar kyamara gare shi, fara, mai shiga aljihun riga. Shekara goma tana yi masa biyayya. Duk hoton da ke rataye a falonsa ita ta ɗauka, kuma bai taɓa ganin laifinta ba sai ranar da aka yi taron raba kyaututtuka a makarantar jikarsa. Ya tashi zai je gaba ya ɗauki yarinyar tana karɓar kyauta, mai gadi ya tare shi ya ce, "Baba, a koma a zauna, masu hoto ne kawai ke wucewa." Yana cikin bayanin ko shi waye, sai ga wani ya zo da baƙar kyamara mai bututun gilashi a gaba, tsawonsa ya kai kamu guda. Mai gadi bai tambaye shi komai ba, ya ma ɗage masa igiya. Tsaya-Tukuna ya koma kujerarsa, ya dubi abin da ke tafin hannunsa, ya ji kamar sabulun wanka ya riƙe. Wannan abu ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai gaya wa kowa ba.

Bayan mako biyu mahaifiyarsa ta aika a kira shi. Inna ta haura tamanin, ƙafa ta yi nauyi, ido kuma ya soma yi mata hazo. Ya same ta zaune a barandar gidanta, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, shi ne ɗanta na fari. "Auta ta ce za ta zo ƙarshen wata, kwana uku kawai aka ba ta a asibitin da take aiki. Ku shida na haifa. Rabon da in gan ku a wuri ɗaya tun rasuwar mahaifinku, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina so a yi mini hoto ɗaya, ni a tsakiya, ku duka shida a ciki, da jikoki. A yi shi babba, a rataye mini a inda nake zama, tun idon nan yana ɗan gani."

Maganar ta taɓa shi har zuciya, wannan kam ba a ƙwace masa ba, domin yana son uwarsa. Amma kafin ya kai ƙofar gida, zuciyar ta riga ta fassara masa maganar da irin nata harshen: Inna ta ba da umarni a sayi sabuwar kyamara.

Daga ranar gidan ya koma makaranta. Ya zaro tsohon littafinsa na aiki, ya zauna da waya a hannu yana kallon masu bayanin kyamarori, yana rubutu yana jinjina kai. Ɗalibarsa guda ce, wato matarsa, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana sauraronsa har ta ƙware wajen cewa "to" a daidai wurin da ya kamata ba tare da ta daina abin da take yi ba.

"Abin da jama'a ba su sani ba," in ji shi, ya harɗe ƙafa, "shi ne hoto ɗigo-ɗigo ne. Waccan 'yar abar, ɗigonta bai taka kara ya karya ba. Wadda zan sayo, ɗigonta miliyan arba'in ne da ɗoriya. Kuma ita kyamara gangar jiki ce kawai. Martabarta tana ga gilashin da aka ɗaura mata a gaba. Da gilashi ake bambanta mai hoto da mai latsa maɓalli."

"To," ta ce, tana ninke kayan wanki. "Ita tsohuwar fa?"

"Na ba ki. Ki riƙa ɗaukar shukokinki."

Ta karɓa ta jefa a jakar hannunta, ta ci gaba da ninki.

Ranar sayayya ya sa rigarsa mai aljihu takwas wadda ya tanada domin wannan sana'a, ya nufi shagon kayan hoto da ke bene na biyu a wani rukunin shaguna. Mai shagon mace ce mai tabarau, ta yi shekara ashirin tana ɗaukar hoto kafin ta zauna saye da sayarwa. Ta yi masa maraba, ta saurari tarihin idonsa tun daga ramin mita na farko, ba ta katse shi ba. Gangar kyamara ba ta ba su wahala ba, sun daidaita a kan wata baƙa mai nauyi. Da aka zo kan gilashi sai ta soma tambaya.

"Yallaɓai, me za ka ɗauka da shi?"

"Komai."

"To, na farko dai."

"Taron iyali ne. Mutum ashirin da wani abu."

"A ina? Wurin yana da faɗi?"

Tsaya-Tukuna ya ji tambayoyin sun fara yi masa kama da jarrabawa, shi kuwa bai zo a gwada shi ba. Ya amsa a taƙaice cewa tsakar gida ce, daga baranda zuwa ƙofa taku goma sha biyu.

Ta sunkuya ta ɗauko wani gajeren gilashi, bai fi kofin shayi ba, ta ajiye a gabansa. "Wannan ne naka. Yana buɗe ido ya kwashi mutane da yawa a ƙaramin wuri. Tare ma yake zuwa da kyamarar."

Ya dubi abin kamar an miƙo masa takalmin yaro ya gwada. Da wannan zai koma makarantar jikarsa? Wane mai gadi ne zai ɗage wa kofin shayi igiya? Idonsa ya yi sama, ya sauka a kan wani farin gilashi da ke kwance shi kaɗai a kan katakon jera kaya na sama, dogo, mai kauri kamar taɓarya.

"Sauko mini da wancan."

"Wancan na masu ɗaukar tsuntsu ne da 'yan ƙwallo, Yallaɓai. Abin da ke nesa yake jawowa. A taku goma sha biyu ba zai nuna maka ko fuska ɗaya cikakkiya ba."

"'Yata," ya ce da murmushin haƙuri, irin na manya, "gilashi ba ya gani, mai riƙe da shi ke gani. Ɗaura mini."

Ta ɗaura. Ya ɗaga da ƙyar, ya nufi taga, ya kafa ido. Da farko hazo ya gani, sai abin ya yi ɗan ƙara ya daidaita kansa. Can tsallaken titi, a gindin bangon wani gidan burodi, ga mitar ruwa ta taso ta cika masa ido, lambobinta tar kamar an rubuta su a allo. Ya karanta su a fili, ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya yana durƙuso a laka yana kore kyankyasai, ashe akwai abin da zai karanta masa mita daga bene yana tsaye da tsabtarsa! Daga nan magana ta ƙare. Ko da mai shagon za ta kwana tana bayani, ba ta da sauran mai sauraro.

Duk da haka ta yi nata ƙoƙarin. Ta sa gajeren gilashin a kwali tare da sauran kaya. Ya gani, ya zaro shi ya mayar mata kan tebur.

"Ajiye shi, ki ba wa wani mai koyo. Jakata ba ta ɗaukar tarkace."

"Yana nan dai duk ranar da ka neme shi," ta ce.

Kwana tara ya yi yana atisaye, kuma duk a kan rufin gidansa ya yi shi. Ya ɗauki hankaka a kan turken lantarki, ya ɗauki lambar motar da ke layi na uku, ya ɗauki wani mai gyaran eriya yana sosa ƙeya a unguwar da ba tasu ba. Duk wanda ya zo gidan sai an nuna masa gashin hankakan nan. Abu ɗaya ne kawai bai samu sukunin gwadawa ba, wato ɗaukar mutum a tsakar gida.

Ranar ta zo. Gidan Inna ya cika tun da hantsi: ƙannensa maza uku, mata biyu har da Auta, surukai da jikoki, mutum ashirin da uku idan an haɗa da shi. Auta za ta koma a ranar, motar da za ta kai ta filin jirgi za ta zo ƙarfe huɗu. Aka sa ƙarfe biyu da rabi lokacin hoto, don a yi a tsanake.

Aka fito da Inna cikin fararen kaya, aka zaunar da ita a baranda, bayanta ƙofar gilashin falo wadda jikoki suka goge tana ƙyalli. Ta sa aka ajiye kujera a damanta ta ce ta Babba ce, kada kowa ya zauna. Shirin kuwa mai sauƙi ne: zai kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya latsa maɓallin da ke jira daƙiƙa goma, ya tako a natse ya zauna kusa da uwarsa.

Shigowarsa kaɗai abin kallo ce. Ya buɗe jaka a hankali, ya zaro farin gilashin, yara suka yi "kai!" gaba ɗaya. Ƙaninsa direban tanka ya ce, "Yaya, hoto za a ɗauke mu ko harbe mu za a yi?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, dariyar wanda ya san an yaba.

"Kafin mu fara," ya ce, ya gyara tsayuwa, "ina so ku san cewa hoton yau ba irin wanda kuka saba ba ne. Jikokin jikokinku za su dube shi su ƙirga gashin girarku. Saboda haka kowa ya natsu. Dogaye baya, yara ƙasa. Kai, sauke kafaɗa."

Rabin sa'a ya ci a jera mutane. Sannan ya koma bayan kyamara, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Wani abu ruwan ƙasa ya gani ya cika ko'ina, yana motsi. Ya murɗa nan, ya murɗa can, sai ga abin ya fito sarai: kunnen direban tanka ne, har da gashin da ke ciki.

"Ku tsaya tukuna," ya ce.

Ya ja kyamarar baya taku uku. Kunne ya samu rakiyar rabin ƙeya. Ya ƙara ja har bayansa ya daki ƙofar gida. Yanzu yana ganin hancin ƙanwarsa malamar makaranta da idonta ɗaya. Gumi ya fara tsattsafo masa. A can ƙasan zuciyarsa ya ji muryar wata mata mai tabarau tana maganar taku goma sha biyu, ya yi maza ya danne ta.

"Wurin ne ya yi wa gilashin kaɗan," ya sanar. "Babban kaya ba ya son matsi. A buɗe ƙofar duka biyu."

Aka wangale ƙofa. Ya kinkimi kyamara da ƙafafunta ya fita bakin titi. Fuska ɗaya da rabi. Ya tsallaka titi ya kafa a gaban rumfar mai faci. Fuska uku, amma duk lokacin da zai latsa sai bas ta gifta. Ya ɗauki gefen bas sau huɗu, ya ɗauki buhun gawayi a bayan babur sau ɗaya. Mai faci ya ajiye tayar da yake gyara, ya zo ya tsaya a bayansa yana ba da shawara. Masu wucewa suka fara taruwa suna tambayar wane babban mutum ne ya zo unguwar. Wannan tambaya ta yi wa Tsaya-Tukuna daɗi, har ya ɗan manta da damuwarsa.

Bayan rumfar akwai wani bene da ba a gama ginawa ba. Ya dube shi, ya ga hikimar Allah. Ya hau matakalar da ba ta da makari, yana haki, kaya a kafaɗa, har ya kai hawa na biyu. Daga nan murya ba ta isa gidan, saboda haka ya kira matarsa a waya, ta zama mai isar da saƙo.

"Ki ce su matsu. Su ƙara matsuwa. Na gefen hagu ba sa ciki."

"Malam, uku da rabi ta wuce," ta ce. "Rana ta juyo kan Inna. Yara sun fara kuka. Ka sauko ka zauna a kujerarka, a yi da abin da ya samu."

"Ki ce su tsaya tukuna."

"Ko ka samu ka haɗa su, yaya za ka yi ka sauko daga bene ka tsallaka titi cikin daƙiƙa goma?"

Wannan tambaya ba ta cikin littafinsa. Ya ce mata kada ta dame shi da ƙananan abubuwa yana tsakiyar aiki, ya kashe wayar.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar mota ta tsaya a ƙofar gida ta yi ham. Auta ta dubi agogo, ta dubi uwarta, idonta ya ciko. Inna ta gaji, kanta ya fara rinjaya gefe, amma hannunta na dama yana kan kujerar da babu kowa. Matar Tsaya-Tukuna ta sake kiran waya, bai ɗauka ba. Ta ɗaga hannu ta yafuto shi, ya ɗaga mata nasa hannun alamar a dakata. Sai ta buɗe jakarta ta zaro 'yar farar kyamarar nan mai kama da sabulu. Ta kife bokiti a kan teburin guga a tsakiyar tsakar gida, ta ɗora ta, ta leƙa, kowa ya shiga har da sauran wuri. Ta latsa maɓallin jira, ta tattare zani ta ruga ta shiga sahu. Gudun nata ne ya ba kowa dariya, har Inna, kuma a daidai nan kyamarar ta ƙyafta.

Daga bene, Tsaya-Tukuna ya hangi haƙora sun bayyana, ya tabbata iyalinsa sun gane darajar abin da yake yi musu. Ya danna maɓalli ya riƙe, kyamara ta yi ta ɓarin hotuna. Yana ɗago kai ya ga ana rungumar Auta, ana saka akwatinta a mota. Kafin ya haɗa kayansa ya lallaɓo daga matakala, motar ta sha kwana. A waya suka yi sallama.

Washegari ya zauna ya duba abin da ya samu. Hoto ɗari da arba'in da biyu. Akwai kunnuwa, akwai bas, akwai reshen bishiya, akwai goshin wani da har yau dangi ba su daidaita a kan ko na waye ba. Guda ɗaya ne ya fita tsaf babu abin kushewa, kowane ɗigo cikin miliyan arba'in ɗin nan ya yi aikinsa: mitar ruwan Inna da ke gindin baranda. Ya daɗe yana kallonta. Ya lura ma an kwana biyu ba a zo an karanta ta ba.

Matarsa kuwa ba ta tsaya jiransa ba. Ita ta kai nata hoton aka wanke shi babba aka sa a firam. Ranar da za a kai wa Inna, shi ya karɓa ya riƙe, domin a cewarsa kyamararsa ce ta ɗauka, kuma shi ya jera mutanen. A hanya ya yi ta nazarin hoton yana neman aibu, sai ya gano wani abu da ya faranta masa rai. A ƙofar gilashin da ke bayan Inna, titi ya fito kamar a madubi, da benen da ba a gama ba. A hawa na biyu kuwa ga wani ɗan baƙin ɗigo da farin tsinke a gabansa.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Ina ciki. An cika wa Inna burinta."

"To," ta ce.

Inna ta karɓi hoton da hannu biyu, ta kawo shi dab da fuskarta. Ta bi shi da yatsa a hankali tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kai biyar. Yatsan ya zo kan kujerar da babu kowa, ya tsaya a nan. Tsaya-Tukuna ya gyara murya zai fara jawabi a kan yadda haske ke dawowa daga gilashi, sai ya ga ta kama bakin mayafinta tana goge wani wuri a saman hoton. Ta goge, ta hura, ta sa farce ta kankara.

"Sabon hoto har ƙuda ya ɓata mini shi," ta ce.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ba ƙuda ba ne. Ni ne."

Ta sake matso da hoton, ta daɗe tana duban ɗigon. Sannan ta sauke shi a cinyarta, ta juyo ta dubi ɗanta na fari da rigarsa mai aljihu takwas.

"Ikon Allah," ta ce. "To, Babba, ai da ka matso kusa."